Ƙarfe a Jikin Tirelar Alminiyum: Zaizayar Galvani da Yadda Ake Tare Ta

Babu tirelar alminiyum da aka yi ta da alminiyum zalla. Gangar jiki da daɓe da ginshiƙan da ke ɗauke da su na iya zama alminiyum, amma aksil da sifirin, da maƙalar da ke haɗa tirela da kan mota, da ƙafafun da take dogarawa a kansu idan an cire kan, da ƙugiyoyin ɗaure kaya, da akasarin notunan da ke riƙe da wannan duka, ƙarfe ne. Dalilin gaurayen a fili yake. Curin alminiyum mai girman lita ɗaya nauyinsa kilo 2.7 ne, na ƙarfe kuwa kusan kilo 7.85, wato ya kusa ninka shi uku. A ƙasa irin Amurka, inda doka ta tsayar da nauyin babbar mota da kayanta a fam 80,000 a manyan hanyoyin tarayya, kimanin kilo 36,300 ke nan, duk kilon da aka rage daga jikin tirela kilon kaya ne da za a karɓi kuɗinsa. Sai dai wuraren da ke shan duka da goga da jijjiga sun fi ƙarfin alminiyum, dole a sa musu ƙarfe. Walda kuma ba ta haɗa su yadda aka saba: alminiyum yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selshiyas, ƙarfe sai ya haura 1,400, in kuma an tilasta musu narkewa tare, abin da ke fitowa a tsakaninsu mai gautsi ne, yana tsagewa. Saboda haka da noti ko ribit ake haɗa su, fuska da fuska. A wannan mahaɗar ce matsalar take.

Duk ƙarfen da ya jiƙe da ruwa mai ɗan gishiri yana da halin sakin ƙwayoyin lantarki, yana narkewa cikin ruwan kaɗan-kaɗan. Amma ba duka suka yi daidai a wannan hali ba. Idan aka auna su a ruwan teku da ma'auni guda, magniziyam yana tsayawa wajen volt 1.6 ƙasa da sifili, tutiya wajen 1.0, gaurayen alminiyum da ake ƙera tirela da su tsakanin 0.7 da 0.9, ƙarfen gama-gari tsakanin 0.6 da 0.7, jan ƙarfe wajen 0.3, ƙarfe mara tsatsa dab da sifili, girafait kuwa, wato baƙin abin nan na cikin fensir, ya haye sama da sifili. Wannan jeri shi ne tushen maganar duka. Idan biyu daga cikinsu suka taɓa juna, ruwa kuma ya haɗa su, wanda ke ƙasa a jerin shi ke zubar da ƙwayoyin lantarkinsa zuwa ga na sama. Na ƙasan, wanda masana ke kira anod, yana narkewa fiye da yadda zai yi in shi kaɗai ne. Na saman, katod, yana samun kariya, iskar oksijin da ke cikin ruwan tana kwashe abin da aka turo masa. Aikin da ke gudana a cikin batirin tocila ke nan: gwangwaninsa na tutiya ne, sandar tsakiya ta kabon ce, akwai danshi mai gishiri a tsakani, kuma gwangwanin ne ke cinyewa har ya huje. Mahaɗar ƙarfe da alminiyum a ƙarƙashin tirela ƙaramin batir ne da aka haɗe wayoyinsa, alminiyum kuma shi ne gwangwanin.

Sunan wannan matsala, zaizayar Galvani, ya samo asali daga Luigi Galvani, likita a Bolonya ta Italiya, wanda a 1791 ya buga bayanin yadda ƙafar kwaɗo ke motsi idan ƙarafa biyu daban suka taɓa ta. Shi ya ɗauka lantarkin daga jikin dabbar yake. Alessandro Volta ya nuna daga haɗuwar ƙarafan ne, ya kuma ƙera batir na farko a 1800. Amma masu jiragen ruwa sun riga su ganin ɓarnar. A 1761 sojojin ruwan Ingila sun lulluɓe ƙasan jirginsu mai suna HMS Alarm da fallayen jan ƙarfe don tare tsutsar da ke cin katako, suka kafe fallayen da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Da aka duba jirgin a 1763, an tarar ƙusoshi da yawa sun ruɓe, fallaye suna saki. Wasu ƙusoshin kuwa lafiyarsu ƙalau, kuma da aka bincika sai aka ga takardar da aka naɗo jan ƙarfen da ita ce ta maƙale a ƙarƙashin kawunansu, ta hana ƙarafan biyu taɓa juna. Ciwon da maganinsa a jirgi ɗaya aka gan su.

Abubuwa uku ne sai sun haɗu kafin zaizayar ta kama: ƙarafa biyu da ke wurare daban a jerin, hanyar da lantarki zai bi daga ɗaya zuwa ɗaya, da ruwa mai ɗaukar lantarki da ya taɓa su duka biyun a lokaci guda. In aka cire ɗaya, aikin ya tsaya. Duk dabarun da ake amfani da su, komai tsadarsu, ƙoƙarin cire ɗaya ne daga cikin ukun, kuma tun da babu wanda ake iya cirewa gaba ɗaya a motar da ke bin hanya shekara da shekaru, aikin kirki shi ne a kai wa biyu ko duka ukun hari tare.

Mutane da yawa suna mamakin jin cewa alminiyum ne ke faɗuwa a wannan karo, don sun saba ganin ƙarfe yana tsatsa alminiyum yana nan fes. Abin da ke kare alminiyum wata fata ce da yake yi wa kansa da zarar iska ta taɓa shi, siririya ƙwarai, kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, amma a manne take, in an karce ta kuma nan take ta sake toho. Fatar tana da abokan gaba biyu. Na farko sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri, wanda ke huda ta a ɗigo-ɗigo ya hana ta warkewa. Na biyu ruwa mai tsami ƙwarai ko mai kaifin toka, domin fatar tana zaune lafiya ne kawai tsakanin 4 da kusan 9 a ma'aunin pH. Idan ta huje a kusa da ƙarfe, lantarkin da ke gudu tsakanin ƙarafan biyu duk ta wannan ɗan ramin yake fita, ramin kuma ya dinga nutsawa ciki maimakon ya bazu.

Alamar farko farin gari ce, kamar an barbaɗa alli a gefen kan noti ko a bakin farantin ƙarfen. Daga nan fenti ya soma kumbura yana ɓamɓarewa. Wanda ya kwance irin wannan mahaɗa yakan ga abin da ido ba ya gani daga waje: farantin ƙarfen ya fito da ɗan jan tsatsa kawai, amma fuskar alminiyum da ke bayansa ta yi ramuka kamar zanzana, cike da farin ɓawo mai danshi, ramin notin da aka huda zagayayye ya koma dogo, gefensa yana marmashewa a hannu. Wannan farin ɓawo ya fi alminiyum ɗin da ya fito daga cikinsa cin wuri, don haka yana tura farantin waje, yana lanƙwasa siririn falle, yana fizge kan ribit, yana kuma shaƙe bol a cikin raminsa har sifana ta karya shi bai juya ba. Masu tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda tun 1948 aka riƙa yi musu jikin alminiyum a kan ƙashin ƙarfe, sun san wannan kumburi a gindin ƙofa, inda fallen ya naɗe a kan firam.

Yawan ɓarnar ana iya lissafa shi da ƙa'idar Michael Faraday. Lantarki mai ƙarfin amfiya ɗaya, in ya yi shekara yana gudu, zai narkar da kusan kilo 2.9 na alminiyum. A mahaɗar tirela abin da ke gudu bai kai ko kusa da haka ba. Amma kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ma, a shekara guda ta jiƙa ba yankewa, giram uku ne, wato curi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, har da ɗan ƙari. Da za a raba wannan asara a kan falle mai faɗin mita, babu mai lura. In kuwa daga gefen ramin noti ɗaya aka ciro ta, a falle mai kaurin milimita uku, notin ya rasa abin da zai riƙe.

Daga nan ne ƙa'idar faɗi ta fito, kuma ita ce aka fi yawan mantawa da ita. Girman katod shi ke yanke yawan lantarkin da za a ja, girman anod kuma shi ke yanke inda asarar za ta taru. Ƙaramin bol na ƙarfe a cikin babban ginshiƙin alminiyum yana ja kaɗan, ɓarnar kuma tana da wurin bazuwa. Ƙaramin ribit na alminiyum a cikin babban farantin ƙarfe kuwa shi ne mafi munin haɗi, don faranti duka yana ci daga jikin ɗan ribit ɗin. Saboda haka abin ɗaurewa bai kamata ya zama shi ne na ƙasa a jerin ba. Ko da kayan aikin da ke hannu ribit ɗin alminiyum ne kawai, ba a riƙe farantin ƙarfe da shi a wurin da ruwa ke kaiwa.

Ruwan shi ne ke bambanta tirelar da za ta yi shekara ashirin da wadda za ta lalace cikin 'yan damina. Tazarar da ke tsakanin alminiyum da ƙarfen gama-gari a jerin ba ta da yawa, kuma a busasshiyar iska ko ruwan sama mai tsabta haɗin nasu yana daɗewa bai nuna komai ba. Gishiri ne ke tada shi. A arewacin Amurka da Kanada da arewacin Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma ban da gishirin ci ana amfani da kuloraid na kalsiyam da na magniziyam. Waɗannan biyun suna jan danshi daga iska, don haka mahaɗar da suka shiga ba ta bushewa ko da titin ya bushe. Tirelolin ɗaukar kwalekwale, da ake tsoma bayansu a teku, su ma suna sahun gaba. A Afirka ta Yamma babu gishirin titi, amma motar da ke lodi a Apapa ko Kwatano ko Lome tana kwana a iskar teku, ta ɗauko gishirin a lungunanta ta kawo shi Kano ko Maraɗi. Hunturu yana busar da shi, aikin ya lafa, damina ta zo ta farkar da shi. Kayan da ake ɗauka ma suna da nasu rabon. Fitsari da kashin shanu, takin zamani mai kuloraid, buhunan gishiri, jiƙaƙƙen siminti da kanwa, kowannensu in ya zuba ya sami ruwa, yana cin fatar alminiyum. Laka kuma, da ake ɗauka ba ta da illa, tana manne a kan mahaɗa ta riƙe danshi da gishiri makonni bayan ruwan ya ɗauke.

Rigakafi yana farawa daga zaɓen ƙarfen. Abin da ya fi dacewa da alminiyum shi ne ƙarfen da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, irin rufin da ake yi wa kwanon rufi amma mai kauri. Tutiya tana kusa da alminiyum a jerin, tana ma ɗan ƙasa da shi, saboda haka ita ce ke fara narkewa, ta tsaya wa ƙarfen da alminiyum ɗin gaba ɗaya. Amma ƙarewa take yi. Rufin tsomawa yana daɗewa saboda kaurinsa, siririn rufin nan mai ƙyalli da ake yi wa notunan kasuwa da lantarki kuwa ba ya jure gishiri, nan da nan ƙarfen ya fito tsirara. Akwai kuma rufin ɓarɓashin tutiya da alminiyum da ake gasawa a jikin noti, wanda kamfanonin mota ke yawan amfani da shi, kuma yana zama lafiya da alminiyum.

Ƙarfe mara tsatsa shi ne ya fi ruɗar mutane. Ba ya tsatsa, yana da kyan gani, mai saye kuma yana jin ya sayi mafi inganci. Amma a jerin ya fi ƙarfen gama-gari nisa da alminiyum nesa ba kusa ba, wato shi zai zauna fes alminiyum ya biya kuɗin. Ƙananan sukurori nasa a cikin faffaɗan alminiyum suna aiki lafiya a wurin da babu gishiri, saboda ƙa'idar faɗi tana tare da su, shi ya sa ake ganinsu a fitilu da hinji da kayan ado. Inda gishiri yake, sai da shamaki da man shafawa. Akwai kuma batun ƙarfi. Bol mara tsatsa da aka fi samu, mai alamar A2-70 a kansa, yana soma miƙewa a megafaskal 450, mai alamar 8.8 a 640, mai 10.9 kuwa a 900 ko fiye. Wanda ya cire bol ɗin 10.9 daga maƙalar sifirin ya sa mara tsatsa don gudun zaizaya ya rage ƙarfin wurin da rabi. Wannan kuskure ne da ke iya kashe mutane a kan hanya, kuma bai kamata a yi shi ba ko da zaizayar ta riga ta bayyana. Jan ƙarfe da tagulla kuwa ba su da wurin zama a jikin alminiyum sam. Ko ruwan da ya gangaro daga kansu yana ɗauke da ɓurɓushin da ke sauka a kan alminiyum ya buɗe sababbin ramuka.

Mataki na biyu shi ne raba fuskokin biyu da abin da lantarki ba ya bi kuma ba ya shan ruwa: falle siriri na filastik mai tauri, tef mai kauri da aka yi don wannan aiki, ko roba. Sharaɗin rashin shan ruwa yana da nauyi. Kwali da tsumma da katako da soso suna raba ƙarafan, amma suna tsotsar ruwa su riƙe shi a daidai inda ba a so. Baƙar roba ma ba kowace ba ce ta dace, don wadda aka cika da garin kabon tana iya ɗaukar lantarki. Shamakin ya kamata ya zarce gefen farantin ƙarfen da ɗan tazara, in ba haka ba ɗigon ruwa ɗaya a bakin mahaɗar ya isa ya haɗa su. Kuma shamakin da ke tsakanin faranti da ginshiƙi bai raba komai ba muddin bol yana ratsa su biyu yana taɓa kowanne. Rabuwa ta gaskiya tana buƙatar hannun riga na nailan a cikin ramin, da washar da ba ta ɗaukar lantarki a ƙarƙashin kan bol ko notin da ke ɓangaren alminiyum, da washar ƙarfe a samanta don raba matsi. Mitar makanike mai auna wucewar lantarki tana faɗin gaskiya cikin daƙiƙa: a ɗora tsinke ɗaya a ƙarfen, ɗaya a alminiyum, in ta yi ƙara, ba a raba su ba.

A nan ne ƙwarewa ke shigowa, domin rabuwa da ƙarfin mahaɗa suna jan juna. Bol yana riƙewa ne da matsin da ya yi wa abin da ke tsakanin kansa da notinsa. Filastik mai laushi ko roba mai kauri tana lotsawa a hankali a ƙarƙashin wannan matsi, bol ya saki, jijjigar hanya ta ƙarasa aikin. Ga shi kuma alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka mahaɗar tana motsi kullum tsakanin zafin rana da sanyin dare. Ga akwatin kayan aiki, ko maƙalar tayar safaya, ko marfin taya, cikakkiyar rabuwa da nailan ta dace. Ga maƙalar aksil da sifirin da wurin ja, inda rayuka ke rataye, ba a sa abu mai laushi. A can ana dogara da rufin tutiya, da fenti mai tauri, da shamaki siriri ƙwarai, da toshe hanyar ruwa, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi zuwa adadin da mai ƙera tirelar ya faɗa, a sake dubawa bayan tafiye-tafiyen farko. Huda ma tana da ƙa'ida: leɓen sama da na ƙasa na ginshiƙin shasi su ke ɗauke da mafi yawan nauyi, rami a jikinsu mafarin tsagewa ne.

Inda ba a iya yanke lantarki, sai a hana ruwa wurin zama. Ana shafe fuskokin biyu da zaren bol da cikin ramin da man da ba ya bushewa, a ɗaure tun yana ɗanye har ya fito ta gefe, ta yadda babu ɗan sararin da ruwa zai shiga. Masu jiragen ruwa sun daɗe da Tef-Gel, mai ɗauke da sinadarin Teflon, da Duralac, ruwan ɗorawa mai sinadarin kuromet. Kuromet yana aiki sosai, amma guba ne mai iya jawo ciwon daji, yana son safar hannu, ba a kuma goge busasshensa a shaƙi ƙurar. Man hana noti kamewa da ke shagunan kayan mota yana son a karanta gwangwaninsa kafin a shafa, domin da yawansa garin jan ƙarfe ko girafait ne a cikin giris, kuma waɗannan biyun suna nesa ƙwarai da alminiyum a jerin. Shafa su a wannan mahaɗa ƙara wa wuta fetur ne. Mai garin tutiya shi ya dace. Wajen toshe gefe kuwa, danƙon foliyuretan ko tef ɗin butil sun fi silikon ɗin nan mai warin tsami, wanda ke fitar da asid yayin da yake bushewa.

Fenti yana da tarko nasa. Hankali yana ba mutum cewa a fente alminiyum tun da shi ke lalacewa. Amma babu fentin da ba shi da ɗan rami ko karce, kuma idan alminiyum kaɗai aka rufe aka bar ƙarfen tsirara, an mai da anod ɗan ƙaramin ɗigo a gaban babban katod, duk ɓarnar ta taru a ɗigon ta huda shi da sauri. In ɗaya kawai za a fenta, ƙarfen ake fentawa. Mafi kyau a fenta duka biyun, da share fage na ifoksi, bayan an gama huda, don cikin ramin ma ya samu. Haka alminiyum ɗin da aka kaurara fatarsa da lantarki a masana'anta: kariyarsa tana ƙarewa a inda bakin injin huda ya ratsa.

Sauran aikin na tsari ne da tsabta. Mahaɗa ta kasance a inda ruwa zai gangara ya wuce, kada ta zama kwari. Bututun ginshiƙi yana son ramin tsiyaya a ƙasansa, kuma toshe sama da gefe a bar ƙasa a buɗe ya fi toshewar da ke kulle ruwa a ciki. Burushin waya ko dutsen gurza da ya taɓa ƙarfe ba a kai shi kan alminiyum, domin yana dasa ƙananan ɓarɓashin ƙarfe a fuskarsa, kowanne ya zama ɗan batir. Haka garin ƙarfen da ke zuba wajen huda, a share shi kafin a rufe. Daɓen katako ma abin lura ne: tun daga 2004 katakon da ake sayarwa a Amurka mai maganin ruɓewa galibi jan ƙarfe ya yi yawa a maganinsa, kuma in ya jiƙe a kan ginshiƙin alminiyum yana cin sa, sai an shimfiɗa shamaki a tsakani.

Wayoyin fitilu suna shiga maganar ta hanya biyu. An saba mai da lantarki ta jikin shasi, a ɗaure kan waya na jan ƙarfe kai tsaye a alminiyum, wurin da kusan kullum shi ke fara yin farin gari, fitilu su soma kyaftawa. Ja wa kowace fitila wayar komawa tata ya fi, in kuma dole ne a ɗaure a shasi, a yi amfani da kan waya mai rufin kuza a lulluɓe shi da giris. Ta ɗaya gefen, wanda ya raba wani sashe da nailan ya sani ya yanke masa hanyar lantarki. A tankar mai wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ana buƙatar sassanta su kasance a haɗe saboda lantarkin da gudun mai ke tarawa ya sami hanyar fita ba tare da tartsatsi ba. A irin wannan mota ba a raba sassa bisa ra'ayin kai, kariyar tana komawa kan rufi da toshe ruwa.

Dunƙulen tutiya da ake maƙala wa jirgin ruwa don ya cinye a madadin jikin jirgin, dabarar da Humphry Davy ya gwada a 1824, ba ta da amfani sosai a tirela. Tana aiki ne idan dunƙulen da abin da yake karewa suna nutse cikin ruwa ɗaya. A ƙarƙashin mota ruwan siririn shafe ne a nan da can, kariyar ba ta wuce ɗan tazara daga inda tutiyar take. Shi ya sa tutiyar da ke amfani ita ce wadda ke kan fuskar ƙarfen, a cikin mahaɗar kanta.

Babu shamakin da ke dawwama. Mutum-mutumin 'Yanci da Faransa ta ba Amurka, wanda aka buɗe a 1886, fatarsa ta jan ƙarfe ce a kan ƙashin baƙin ƙarfe, kuma maginansa sun san hatsarin, sun sa asbestos da aka jiƙa da wani ƙaro a tsakani. Da shekaru suka ja, shamakin ya lalace ya koma mai riƙe ruwa, ƙarfen ya kumbura da tsatsa yana fizge ribit, har sai da aka sauya sandunan ƙashin da ƙarfe mara tsatsa da tef ɗin Teflon a gyaran 1984 zuwa 1986. Tirela kuwa tana shan jijjiga da tsakuwa da wankin matsi da mutum-mutumi bai sani ba. Saboda haka wanke ƙarƙashinta da ruwa mai daɗi bayan tafiyar bakin teku, ko bayan ɗaukar dabbobi da taki, yana cikin kariyar, da sabulu mai sauƙi, ba soda mai kaifi ba. A duba mahaɗai kafin damina da bayanta.

Idan farin garin ya riga ya fito, gogewa daga waje da shafa fenti rufe ciwo ne kawai. Ana kwance mahaɗar gaba ɗaya, a kankare ɓawon da burushin ƙarfe mara tsatsa da aka keɓe wa alminiyum, a wanke gishirin da ke cikin ramukan, a busar, sannan a auna kaurin da ya rage. Ramuka marasa zurfi a falle da ba ya ɗaukar nauyi ana share musu fage a fenta a mayar da shamaki da sabon noti. In ramin noti ya buɗe, ko tsaga ta fito daga gefensa, ko zaizayar ta shiga ginshiƙin da ke ɗauke da aksil ko wurin ja, sashen ake sauyawa ko a ƙarfafa shi bisa umarnin mai ƙerawa. Cike wurin da walda ba ya mayar da shi yadda yake, domin gaurayen 6061-T6 da ake yawan yin ginshiƙan tirela da shi yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ko fiye, a gefen da zafin walda ya taɓa.